Usur da Amanar 'Ya'yan Mutane

  Gaisuwa ta musamman ga mutanen Sabon Birni da Isa, da na Gatawa da Unguwar Lalle da Tsamaye, da na Turba da Bafarawa, da 'yan'uwanmu na ƙetaren iyaka, Tsibiri da Gidan Rumji da Maraɗi, waɗanda muryar nan kan isa gare su idan iska ta yi kyau. Allah Ya dawo mana da zaman lafiya a ƙasar Gobir.

Yau zancen wasa za mu yi. Na san akwai mai cewa, haba Malam, a halin da muke ciki wa ke ta wasa? Yara ke ta wasa. Tun watan Disamba na 2020, lokacin da aka sace ɗaliban Ƙanƙara har gwamnatin Sakkwato ta rufe makarantun kwana 16 na bakin iyaka, karatun yankin nan yake ɗingishi. Amma ka zaga bayan kowace makaranta da la'asar sakaliya, za ka tarar da ƙura ta tashi, an kafa sanduna biyu ana buga ƙwallo. Ko inda 'yan gudun hijira suka yada zango, kafin a gama kafa bukka yara sun ɗaure tsumma sun fara. Duk inda wasan ya ɗan girma kuwa, akwai mutum ɗaya a tsakiya riƙe da usur. A kansa maganarmu take yau.

Bari in fara da laifina, kada a ce mai dokar barci ya ɓuge da gyangyaɗi. Shekarun baya, ina sabon malami a wata sakandare ta wannan yanki, aka shirya wasa tsakaninmu da wata makaranta. Wanda aka yi da shi zai yi alƙalanci bai zo ba. Shugaban makaranta ya waiga, ya ga ni kaɗai nake ɗaure da agogo, sai ya miƙo mini usur. Agogon nan shi ne duk takardar shaidata ta alƙalanci.

Bayan hutun rabin lokaci aka ɗago ƙwallo sama, yara biyu suka daka tsalle, kai ya haɗu da kai. Har na bakin fili sun ji ƙarar, kamar an gwara ƙwarya biyu. Ɗaya ya miƙe yana murza goshi. Ɗayan ya ɗan jima a kwance. Aka sheƙa masa ruwa, aka jijjiga shi, malamin wasanninsu yana cewa, "Tashi mana, mi ya same ka? Kai ba namiji ba ne?" Yaro ya tashi. Na ce masa, "Za ka iya?" Ya gyaɗa kai. Na busa, aka ci gaba. Ba a yi minti biyar ba sai na ga ya karɓi ƙwallo ya juya ya nufi gidansu da ita. 'Yan kallo suka bushe da dariya. Ni ma, Allah Ya yafe mini, na murmusa. Washegari na ji cewa ya kwana yana amai, kuma da aka tambaye shi nawa aka tashi, bai ma tuna an yi wasa ba. Allah Ya kiyaye, ya warke. Sai bayan shekaru na gane cewa da ya sake gwara kan nan a ranar, da wataƙila gawa za mu kai wa iyayensa. A duk filin nan kuma mutum ɗaya ne ke da ikon cewa yaron nan ya fita, ni ne, ban kuwa faɗa ba.

Abin da ya tuno mini da wannan rana shi ne binciken da na yi kwanan nan kan yadda Amurkawa ke alƙalancin ƙwallonsu a makarantun sakandare. Ba irin tamu ba ce. Ƙwallon doguwa ce kamar gwanda, da hannu ake ɗauka a ruga, 'yar'uwar zari-ruga ce. Kowane ɓangare mutum 11, kowa da hular kwano da matashi a kafaɗa. Tsawon fili yadi 100, ban da yadi goma-goma na ƙarshe. Ana ba ƙungiya dama 4 ta ci yadi 10 gaba. In ta ci a sabunta mata, in ta kasa ƙwallo ta koma hannun abokan karawa. Wanda ya kai ta ƙarshen fili ya ci maki 6. Mai gudu da ƙwallo kuwa ba yadda za a tsayar da shi sai a rungume shi a kayar. Kokawa ce da gudu, aka sa ƙwallo a tsakani. Na tabbata da Gobirawa sun riga su ganinta da ba su bar musu ba.

Wasa ne mai haɗari, kuma sun san haka tun da daɗewa. A shekarar 1905 kaɗai, aƙalla 'yan wasa 18 suka mutu a fili ko sanadiyyar raunin fili, da yawansu ɗaliban sakandare. Abin ya kai shugaban ƙasar na lokacin, Theodore Roosevelt, ya kira manyan masu horar da wasan na jami'o'i uku zuwa fadarsa a watan Oktoba, ya nuna musu sai an yi gyara. A 1906 aka sake dokoki, aka halatta jefa ƙwallo gaba domin a rage cunkuson da ake murƙushe mutane a ciki. Wato dokokin nan daga makabarta aka fara rubuta su.

A yau yara fiye da miliyan ɗaya ke buga wannan wasa a sakandarorin Amurka, yawanci daren Juma'a, gari ya fito kallo. Akwai wata ƙungiya, NFHS, wadda aka kafa a 1920, hedkwatarta tana birnin Indiyanafolis, ita ke rubuta littafin dokar makarantu, kowace jiha kuma da shi take aiki in ka ɗebe Teksas da ta zaɓi bin dokar jami'o'i. To a nan ne abin ya fara ba ni sha'awa, domin littafin yara daban, na manya daban. Ƙwararru da 'yan jami'a suna buga zubi 4, kowane zubi minti 15. Ɗan sakandare minti 12 aka yanka masa. Jihohi da yawa kuma suna da abin da ake iya kira dokar tausayi: idan wata makaranta ta yi wa wata tazarar da ba ta kamuwa, maki talatin da wani abu ko arba'in, sai a bar agogo ya yi ta tafiya ba tsayawa, wasa ya ƙare da wuri, kada a tsaya ana ta dukan wanda ya riga ya faɗi. Ga kuma wata dabara da ta dace da ƙauyukanmu ƙwarai. A 1934, wani malami mai suna Stephen Epler a wani ɗan gari na jihar Nebraska ya ga makarantarsu ba ta da yaran da za su cika goma sha ɗaya, sai ya tsara wasan mutum shida-shida a ƙaramin fili. Har gobe ana bugawa a ƙananan garuruwa, tare da na takwas-takwas da tara-tara. Mu kuwa idan yara ba su cika ba, kowa ya san abin da muke yi. Za mu je can.

Alƙalansu a wasan sakandare yawanci biyar ne, sanye da riga mai ratsin fari da baƙi. Babbansu farar hula yake sawa don a gane shi. Ba kati suke ɗagawa ba, wani ƙyalle ne rawaya a ƙugu, wanda ya ga laifi sai ya jefa shi ƙasa, a bari damar da ake ciki ta ƙare, sannan babban alƙali ya fito tsakiya ya nuna wa kowa da alamar hannu irin laifin da aka yi, a mayar da masu laifi baya yadi 5 ko 10 ko 15. Idan aka yi shakkar ko an cika yadi goma, akwai sarƙa mai wannan tsawon a bakin fili, a shigo da ita a gwada a gaban kowa, kamar yadda mai shadda ke gwada maka yadi a kasuwar Shinkafi kana kallo. Mutanen nan ba sana'arsu ke nan ba. Malamai ne da direbobi da ma'aikatan ofis, amma sai sun yi rajista da hukumar wasannin makarantu ta jiharsu, sun zauna jarrabawar doka, sannan a ba su usur. Kafin a fara wasa kuma, babban alƙali zai tsayar da kocin kowace makaranta ya tabbatar masa da bakinsa cewa duk yaransa suna sanye da kayan kariyar da doka ta ce.

Sai dokar da ta sa na kasa barci, domin ita ce ta yaron nan nawa. A watan Oktoba na 2006, a jihar Washinton, wani yaro ɗan shekara 13 mai suna Zackery Lystedt ya bugu a ka ana cikin wasa. Ya ɗan huta, aka mayar da shi fili. Ana tashi ya yanke jiki ya faɗi. Sai da aka yi masa aiki a ƙwaƙwalwa, ya rayu, amma da nakasa. Iyayensa ba su yi shiru ba, har a 2009 jihar ta kafa doka da sunansa, zuwa 2014 kuma duk jihohi 50 sun yi irin tasu. A 2010 aka ƙarfafa ta a littafin dokar makarantu. Abin da ta ƙunsa kaɗan ne. Duk yaron da alƙali ya ga alamar ƙwaƙwalwarsa ta jijjigu, ko suma, ko jiri, ko ciwon kai, ko ruɗewa, ko tangaɗi, to ya fitar da shi nan take, kuma ba zai dawo ba sai ma'aikacin lafiya da ya san abin ya duba shi ya yarda. Ba a ce alƙali ya zama likita ba. An ce ya buɗe ido. Ba a tambayar yaro ko zai iya, domin yaro kullum zai ce zai iya, balle ga abokansa suna kallo. Ba a tambayar koci, domin shi kofi yake hange. Dalili kuwa, likitoci sun nuna cewa ƙwaƙwalwar da ta bugu ba ta warke ba, idan ta sake buguwa tana iya kumbura cikin ɗan lokaci, kuma matasa abin ya fi kamawa. Ba sai jini ya fito ba. Ba sai an suma ba. Ruwan leda da muke sheƙawa a ka, fata kawai yake jiƙawa.

Kada a ɗauka can aljanna ce. A 2022 ita kanta ƙungiyar NFHS ta bayyana cewa alƙalan wasannin sakandare kusan 50,000 sun ajiye usur tun daga kakar 2018 zuwa 2019, babban abin da suke kuka da shi kuma shi ne zagi da cin mutunci daga iyaye da 'yan kallo. Har ta kai wasu makarantu suna ɗage wasan Juma'a zuwa Alhamis saboda alƙalai ba su isa ba. Ashe "rafali an saye ka" ba a bakin Bahaushe kaɗai take ba.

To wani zai ce wannan ai Amurka ce, masu kuɗi da asibiti a kowace kusurwa. Na yarda. Mu sauko kusa, mu tsallaka iyaka kawai. Tun 1975 Jamhuriyar Nijar take shirya gasar kokawa ta ƙasa, wadda aka fara a Tawa, Yakuba Kantu na Maraɗi kuma shi ya fara ɗaukar takobin da ake ba zakara, shi ya sa filin kokawar Maraɗi yake ɗauke da sunansa. Jihohi 8, kowace ta kawo 'yan kokawa 10, mutum 80 ke nan. Da yawanmu a nan mun sha kasa kunne a rediyo muna bin ta, wasu har sun je sun gani da ido. Me suka yi wa kokawar da muka gada tare? Sun shata da'ira da buhunan yashi. Sun sa alƙali a tsakiya da usur, da wasu a gefe suna lura. Sun yanka lokaci. Sun rubuta abin da ake kira kaye da abin da ba kaye ba, da gargaɗin da ake ba mai gudun kamu. Ba a rasa gardama, kokawa ce, amma gardamar tana da takardar da ake komawa gare ta. Issaka Issaka na Dosso, duk da takubban da ya tara, idan usur ya yi ƙara sakin mutum yake yi. Abokan wasanmu Zabarmawa su ji, yau na yabi na jiharsu, kada su saba.

Kafin ma gwamnati ta sa hannu, wa ya koya wa kakanninmu? A dandalin ƙauye bayan kaka, yara ke fara kokawa, sannan samari, sannan manya, sa'a da sa'a. Idan wani ƙato ya fito ya nufi ƙaramin yaro, tun kafin ya kama shi dattijo ya daka masa tsawa. A dambe, turmi uku ne, kuma da zarar gwiwa ko hannu ya taɓa ƙasa an yi kisa, masu raba sun shiga, ba a ƙara wa na ƙasa ko ɗaya. Ba ina cewa dambe abin koyi ne wajen kula da kai ba, Allah Ya sani ba haka ba ne. Ina nufin tsayar da wasa don a tsirar da wanda ya faɗi ba baƙon abu ba ne a ƙasar nan. Da ƙwallo ta zo ne muka karɓi rigar da takalmin, muka bar wannan a baya.

Abin takaici, ita kanta dokar ƙwallon ƙafa ta ba mu dama, karantawa ce ba mu yi. Dokokin 17 ne, hukumar IFAB ke kula da su tun 1886, kuma a cikinsu an ba hukumar ƙwallo ta kowace ƙasa izini, a wasan yara da na unguwa, ta rage tsawon lokaci, ta rage girman fili da na raga, ta ba da ƙaramar ƙwallo, ta yarda wanda aka canza ya sake dawowa. Ba inda aka wajabta wa ɗan aji biyu na ƙaramar sakandare minti 90 a filin manya. An yarda da hutun shan ruwa na minti ɗaya, da hutun shan iska har minti uku idan zafi ya yi yawa. Ku gaya mini, ina aka fi bukatar wannan in ba nan ba, inda a watan Afrilu zafi ke haura digiri 40, yaro kuma tun kokon safe bai sa kome a ciki ba? Tun Yulin 2024 doka ta yarda masu shirya gasa su ƙara canji na musamman domin wanda ya bugu a ka, ba tare da ƙungiyarsa ta yi asarar canjinta ba. Amma je ka bakin fili ka saurara. Kowa ya haddace sabuwar dokar 2025, cewa gola ba zai riƙe ƙwallo fiye da daƙiƙa 8 ba, in ya wuce a ba da kwana. Kowa malami ne a kan satar gida, saboda gidan kallo. Dokar da ta shafi ran yaro kuwa, da wuya ka sami mai kawo ta.

Haka damina. Amurkawan nan ƙa'idarsu ita ce, da an ji tsawa ko an ga walƙiya a tsayar da wasa, kowa ya nemi mafaka, sai an yi minti 30 ba a sake ji ba. Mu hadari na haɗowa daga gabas, fili fetal ba ko bishiya, sai ka ji ana cewa saura minti goma, a ƙarasa.

Yanzu mu koma kan abin da na ce za mu je. Sojan haya. Makaranta za ta fito gasa, sai ka ga ɗan wasa da gemunsa an aske da safe, ƙwaurinsa kamar taɓarya, an ce ɗan aji uku ne. Kowa ya san ɗan acaba ne a tasha, wani ma yana da mata. Ana dariya, ana cewa ai kowa na yi. Ni ban ga abin dariya ba tun ranar da na fahimci cewa ɗan shekara 24 idan ya yi karo da ɗan 14, ƙashin ɗayansu ne bai gama ƙwari ba. Kuma wannan ɗabi'a ba a ƙauye take tsayawa ba. Najeriya ta ci kofin duniya na 'yan ƙasa da shekara 17 har sau 5, a 1985 da 1993 da 2007 da 2013 da 2015. Amma a watan Agusta na 2016, ana shirin karawa da Nijar, aka yi wa yaranmu gwajin ƙashin wuyan hannu da na'ura, 26 suka faɗi. Da waɗanda suka rage aka ci 1 da nema a Abuja, aka je Yamai aka sha 3 da 1, zakarun duniya suka dawo gida. Mutanen Maraɗi ba su manta ba, duk lokacin da muka haɗu sai sun tuna mini. Mu a nan ba mu da na'ura, ba ma kuma bukatarta. Muna da rajistar aji. Muna da mai unguwa da ya san ranar sunan kowa. Alƙali yana iya kiran suna daga rajista kafin a fara, shugaban makaranta ya sa hannu cewa waɗannan ɗalibansa ne. In yara ba su cika ba, a buga bakwai-bakwai a rabin fili.

Sai dai duk wannan nauyi da nake ɗora wa alƙali, wa ke tsaron bayansa? Mutum ɗaya ne, ba ma'aikacin tsaro, ba igiya tsakaninsa da 'yan kallo. Masu ɗaga masa tuta, ɗaya ɗan wannan gari ɗaya ɗan wancan, kowa reshen darbejiya a hannu, kowa gidansu yake karewa. Kuɗin mai da zai koma gida yana aljihun wanda ya sa kofi, sau da yawa ɗan siyasa, wanda kuma ƙungiyar mazaɓarsa tana cikin gasar. Ka ce wa wannan bawan Allah ya ba da fanareti a minti na ƙarshe, ko ya fitar da yaron da ya fi kowa iyawa saboda yana tangaɗi? Na taɓa ganin alƙalin da tun kafin ya busa tashi ya fara matsawa gefen da ya ajiye babur ɗinsa, ya busa yana gudu. An yi dariya, amma mutumin nan bai sake riƙe usur ba, kuma ya fi duk waɗanda suka biyo bayansa sanin doka. Sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi, haka ne, amma idan sarkin yawa ne zai yanke hukunci, to gara a ajiye usur a yi kokawa.

Akwai kuma abin da mu kaɗai muka san zafinsa. Baƙin da suka zo wasa daga wani gari dole su kama hanya da sauran rana. Kowa a nan ya san abin da ake nufi da magariba ta riski mota cike da ɗalibai a hanyar Isa ko ta Sabon Birni. Don haka jinkirin fara wasa, da jiran babban baƙo har ƙarfe biyar, da gardamar rabin awa a kan ƙwallo ɗaya, a wurinmu sun wuce rashin tsari, ganganci ne da rai. Wasan da aka ce ƙarfe uku da rabi ya fara ƙarfe uku da rabi, ko babban baƙo ya zo ko bai zo ba. In lokaci ya ƙure a tafi fanareti kai tsaye, a sallami yara.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Rokona ga shugabannin makarantu na ƙananan hukumomin Sabon Birni da Isa, da malaman wasanni, da masu sa kofi, shi ne kafin a buga ƙwallo ta farko a zauna a rubuta takarda guda, shafi ɗaya, da Hausa, a karanta a gaban kowa. A faɗi minti nawa za a buga da lokacin shan ruwa. A faɗi wanda ya cancanci shiga da yadda za a tantance shi. A rubuta cewa wanda ya bugu a ka ya gama wasan ranar. A biya alƙali haƙƙinsa tun kafin ya shiga fili, daga hannun kwamiti, kuma a ɗauko shi daga garin da ba ya cikin wasan. A rubuta cewa ƙungiyar da magoya bayanta suka taɓa alƙali ta fita daga gasa, ko ta wane ce. Iyayenmu hakimai da masu unguwanni, Allah Ya ja zamaninku, kujera ɗaya da za a ajiye muku ko wakilinku a bakin fili ta fi 'yan sanda goma, domin ba yaron da zai ɗauki dutse uban ƙasa yana kallonsa. Ƙungiyar alƙalan wasa ta jiha kuma, muna roƙo, a turo mutum ko biyu lokacin hutu su zauna da malamanmu kwana uku. A gayyato ma'aikacin lafiya daga asibitin gari ya nuna musu alamomin bugun kai. Ba zai ci kuɗin kofi ɗaya ba.

Kai kuma ɗan'uwana da za a miƙa wa usur a wannan mako, wataƙila don kai ke da agogo, ga saƙona. Idan yara suka gwara kai, busa nan take, kada ka jira ƙwallo ta fita. Dubi idonsa. Tambaye shi sunan garin da ake wasa, da wanda ke gaba a ci. In ya yi jinkiri, ko ya yi tangaɗi, ko ya ce kansa na sarawa, fitar da shi, ko wasan ƙarshe ne, ko shi ne kyaftin, ko ubansa ne ya sayi kofin. A kai shi asibiti, a gaya wa iyayensa abin da ya faru, kada a bar shi ya kwana shi kaɗai. In sun taso maka, ka ce a rediyo ka ji, su zo su same ni.